Kwamfutar Gida da Amanar da Muke Ba Ta

Laccar da aka gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai



Sa'ad da Sakataren Ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, ya ce ana so in yi magana a kan dabarun aiki da kwamfuta a gida, na tambaye shi wace irin dabara ake nufi. Ya ce mini, "Malam, kowace iri." To, wannan kogi ne da ba a ƙetare shi a yini guda, saboda haka na zaɓi mashigi ɗaya, kuma ga dalilina. Shekarun baya akwai wata ɗaliba da nake duba wa kundin digirinta. Saura mako uku a miƙa aiki, ta tafi gida hutun ƙarshen mako, aka sace mata jaka a tashar mota. Kwamfutarta tana ciki. Da ta zo ofishina tana kuka, na ce mata, "Ai kin ce mini kina da kwafi a filashi." Ta ce, "Malam, filashin ma yana cikin jakar." Kwamfutar nan tsohuwa ce, yayanta ya sayo mata wata kafin wata ya ƙare. Amma hirarrakin da ta yi da tsofaffi a ƙauyuka huɗu babu kasuwar da ake sayar da su, biyu daga cikin tsofaffin ma sun riga sun rasu. Shekara guda ta ƙara a makaranta.

Tun daga ranar na daina kallon kwamfuta a matsayin dukiya. Rumbu ce kawai, dukiyar ita ce hatsin da ke ciki. Duk abin da zan faɗa yau a kan tsare wannan hatsi yake.

Mu fara da mafi sauƙi. Abin da kake bugawa, muddin ba ka adana shi ba, yana zaune ne a wani ɓangare na kwamfuta da ke mantawa da kome da zarar wuta ta yanke. Ku kuwa kun san halin wutarmu. Saboda haka ka sabar wa hannunka na hagu danna maɓallin Ctrl tare da harafin S a ƙarshen kowane sakin layi, har ya zama ba ka san kana yi ba. Gaskiya ne manhajar Word tana ajiye wani kwafi da kanta bayan kowane minti goma, amma wanda ya taɓa rasa shafin da tunaninsa ya zuba a cikinsa ya san minti goma ba ƙaramin lokaci ba ne. In ka share abu bisa kuskure, Ctrl da Z zai dawo maka da shi. Ku ma'aikata kuma, in za ku tashi daga tebur ko da zuwa shan ruwa ne, ku danna maɓallin Windows da harafin L, allon zai kulle; takardar gwamnati ba abin bari a buɗe ba ce ga duk mai shigowa gaisuwa.

Sa'an nan batun suna. Na sha ganin kwamfutar ɗalibi cike da fayiloli masu suna "na ƙarshe", da "na ƙarshe na gaske", da "na ƙarshe wanda Malam ya gyara". Ran da ake bukata, shi kansa mai su bai san wanne ne ba. Maganin wannan shi ne ka fara sunan fayil da shekara, sai wata, sai rana, kana sunan aikin, alal misali 2025-03-14 babi na biyu. Kwamfuta za ta jera su da kanta, tsoho a sama, sabo a ƙasa, kuma in gyaran yau ya ɓata aiki, na jiya yana nan.

Yanzu ga zuciyar maganar. Masana wannan fanni suna da wata ƙa'ida da suke kira uku, biyu, ɗaya. Watau duk abin da ba za ka iya jure rashinsa ba, ya kasance kana da kwafi uku nasa, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki kuma yana wani wuri dabam, nesa da sauran. Na ƙarshen nan shi ne ɗalibata ta rasa. Ɓarawo, da gobara, da ruwan sama mai yoyo ta rufi, ba sa zaɓe. Abin da ke ɗaki ɗaya tare yake tafiya. Kamfanin Google yana ba duk mai adireshin Gmail wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, Microsoft kuma yana ba da gigabait 5 a OneDrive, alhali kundin digiri na rubutu zalla ɗan ƙaramin abu ne a cikin wannan fili. Wanda kuɗin data ya yi wa nauyi, ya aika wa kansa babin da ya gama ta imel kowace Jumma'a. Amma fa a kula da abu guda: irin ma'ajin intanet da ke bin sawun kwamfutarka, in ka share fayil a nan, can ma zai share shi, sai dai ya zauna a kwandon shara na kwana talatin a Google Drive kafin ya tafi gaba ɗaya. Don haka bai wadatar shi kaɗai ba.

Kada wani ya ce wannan ciwon talaka ne. A shekarar 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, ana tsakiyar haɗa fim ɗin nan na zane mai suna Toy Story 2, wani ya ba kwamfuta umurnin sharewa a wurin da bai dace ba, mafi yawan aikin ya shafe a gaban idonsu. Suka ce ba kome, ai akwai kwafin ajiya. Da aka ɗauko shi, ashe ya jima da lalacewa ba wanda ya sani. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ta haihu tana aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar nan da barguna, aka sa ta a mota aka kawo ofis kamar mai jinya. Fim ɗin ya fito a 1999. Abin lura a nan shi ne suna da ajiya, gwada ta ne ba su yi ba. Kai ma sau ɗaya a wata ka buɗe filashinka, ka ga ko abin da kake zaton yana ciki yana buɗuwa.

Tun da an ambaci filashi, bari in taɓo wata cuta da kusan kowa a zauren nan ya gamu da ita. Ka kai filashi shagon buga takardu, ka dawo gida ka tarar jakunkunan fayilolinka duk sun rikiɗe sun zama 'yan alamomi masu ƙaramar kibiya. Kada ka danna su, domin dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfutarka, kada kuma ka yi garaje ka wanke filashin. Galibi fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. A fara bincike shi da Microsoft Defender, wanda yake zuwa a cikin Windows ba tare da an biya ko kwabo ba, sa'an nan a umurci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli har da waɗanda take karewa, a kwashe su. Mafi alheri ma, ka mai da takardarka PDF, ka aika wa mai shagon ta imel ko WhatsApp, filashinka ya zauna a gida. In kuwa da hannunka ka share abu har daga kwandon shara, daina zuba kome a filashin nan take, ka nemi manhajar Recuva ko PhotoRec. Sau da yawa sukan tono shi, muddin sabon abu bai hau kansa ba.

Daga nan sai maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Yawancinmu, in mun sayi kwamfuta, mai gyara ne yake cika mana ita da manhajojin sata waɗanda aka fasa makullinsu. Ban zo yi muku wa'azi ba, tambaya ɗaya kawai gare ni: mutumin da ba ka sani ba, wanda ya ɓata dare yana fasa makulli ya raba wa duniya kyauta, me ya ci riba da shi? Sau da yawa ribar tana cikin abin da ya cusa a ciki, mai satar kalmomin sirri. Ga shi kuwa akwai na halal kyauta. LibreOffice, wadda aka fara a 2010, tana da Writer don rubutu, da Calc don lissafi, da Impress don gabatar da jawabi, tana kuma buɗe fayilolin Word ta adana su. Aibinta shi ne wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce in an buɗe shi a Word, don haka a duba kafin a miƙa. VLC tana kunna kusan kowane irin bidiyo da sauti, kuma ɗalibai irinku ne suka fara ta a wata makarantar injiniyoyi ta birnin Faris, aka sake ta ga kowa a 2001. Ga 7-Zip don matse fayiloli. Ga Zotero, wadda ke tattara sunayen littattafan da ka karanta ta jera maka su a ƙarshen kundi; da na same ta ina ɗalibi, da furfurata ba ta kai haka ba. Sharaɗi ɗaya ne: a ɗauko kowace daga shafin masu ita.

Akwai kuma ɗabi'ar kashe sabuntawar Windows don tsimin data. Na fahimci dalilin, amma ku ji wannan. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe wajen 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman fansar dala 300. A Ingila asibitoci sun soke ganin dubban majinyata. Alhali tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar da ta bi ta shiga. Waɗanda suka sabunta ba ta same su ta wannan ƙofa ba. Ku sani kuma cewa tallafin da aka saba ba Windows 10 ya ƙare ran 14 ga Oktoba 2025, kamar yadda na Windows 7 ya ƙare a Janairun 2020, kuma da yawa daga kwamfutocin gwanjo da muke saye ba za su ɗauki Windows 11 ba. Ba sai an jefar da su ba. Ana iya sa musu Linux Mint ko Ubuntu, dukansu kyauta, tushensu kuwa aikin da wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Mai rubutu da karatu da shiga intanet zai saba cikin 'yan kwanaki. A kwashe fayiloli tukuna kafin a sauya.

Jikin na'urar ba zan daɗe a kansa ba. Kada a ɗora ta a kan katifa, domin ƙofofin iskarta suna ƙasa. A kai ta a hure mata ƙura bayan hunturu. A cire caja kafin a tayar da janareta.

Saura abu guda da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa. Ana yawan ce mini kwamfuta ba ta da haruffa masu lanƙwasa, shi ya sa ake rubuta kasa a wurin ƙasa, da dan a wurin ɗan. Tana da su. A cikin Word ko Writer, buga 0199 ka danna Alt da X, sai ƙ ta fito. 0257 don ɗ, 0253 don ɓ. Mai rubutu da yawa ya sa manhajar Keyman, wadda take kyauta, ko ya ƙara Hausa a jerin harsunan madannai na Windows. A waya kuma Gboard yana da Hausa. Bayan an gama, a mai da takardar PDF kafin a kai shago, don kada kwamfutar mai shagon ta mayar da haruffan 'yan akwatuna.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Na zo da kwamfutata, da LibreOffice da VLC a kan filashi mai tsabta. Duk wanda ya zo da tasa, ya same ni a teburin baya bayan an gama tambayoyi.