Gasar Ƙwallon Kakanni a Limpopo

An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan tsufa da motsa jiki. Ba zan jera maku dokokin likita ba. Tarihin wata gasar ƙwallon ƙafa zan ba ku, kuma 'yan wasanta ba samari ba ne. Kakanni mata ne, waɗansu sun haura shekara 80.

Abin ya faru a ƙasar Afirka ta Kudu, can arewa, a lardin Limpopo. Akwai wani gari da ake kira Nkowankowa, kusa da birnin Tzaneen. Yawancin mutanen wurin harshen Tsonga suke yi. Yankin manoma ne, kuma talauci ya yi masu yawa.

Kafin mu zo kan ƙwallo, sai mun san halin da tsofaffin matan wurin suke ciki a farkon shekarun 2000. Cutar ƙanjamau ta yi ɓarna ƙwarai a ƙasar, kuma sai a 2004 asibitocin gwamnati suka soma ba da maganin rage ƙarfin cutar. Kafin nan iyaye matasa da yawa sun rasu, sun bar yara. Wa ya ɗauki yaran? Kaka. Da ɗan kuɗin tsufa da gwamnati take ba ta daga shekara 60 take ciyar da gida duka. Ita ce mai girki, ita ce mai jinya, ita ce mai binne 'ya'yanta. Ga hawan jini, ga ciwon sukari, ga ciwon gwiwa. Kowa yana jingina da ita, amma ba mai tambayar lafiyarta.

A wannan yanki akwai wata mata mai suna Rebecca Ntsanwisi, wadda kowa yake kira Mama Beka. Ta yi aiki a gidan rediyon Munghana Lonene, mai watsa shiri da harshen Tsonga, kuma an san ta da taimakon marasa galihu. A 2003 aka gane tana da ciwon daji na hanji. Zuwa asibiti da ta riƙa yi ya sa ta ga tsofaffin mata a layi, wata bayan wata, da ciwo iri ɗaya. Da ta sami sauƙi sai ta fara tara su domin su riƙa motsa jiki tare. Tafiya ce kawai da miƙe gaɓoɓi. Ba wanda ya kawo zancen ƙwallo.

Yadda ake ba da labarin shi ne, wata rana suna fili, sai ƙwallon waɗansu yara ta gangaro wurinsu. Wata tsohuwa ta kai mata ƙafa, sauran suka fashe da dariya, kowa ta ce ita ma sai ta gwada. Daga nan, wajen 2007, ƙungiya ta tsaya da ƙafarta. Suka sa mata suna Vakhegula Vakhegula, wato "Kakanni Kakanni". Akwai barkwanci a cikin sunan, gama ƙungiyar maza ta ƙasar ana kiranta Bafana Bafana, wato "Samari Samari".

Kada ku zaci kowa ya yi murna. Da fari da dogayen tufafinsu na gida suke buga wasa. Ranar da aka zo maganar sa gajeren wando, sai surutu ya tashi. Waɗansu suka ce wannan ba mutuncin tsohuwa ba ne, wurinta gida wajen jikoki. Ni a ganina wannan ita ce wahala mafi girma da suka sha, ta fi ta rashin takalma da rashin fili. Ciwon gwiwa ana iya daurewa, amma bakin maƙwabta ya zaunar da mutane da yawa a ɗaka. Waɗannan mata dai ba su zauna ba.

Yanzu ga wurin da nake so ku kasa kunne sosai. Ƙungiya ɗaya ba gasa ba ce. Da garuruwan kewaye suka ji labari, su ma suka kafa nasu. Zuwa 2009, ƙungiyoyi takwas ne suke karawa da juna a yankin, kuma matan Nkowankowa suna fita fili sau biyu a mako. Ku duba abin da wannan ya canza. Idan ma'aikaciyar lafiya ta ce wa Mama ta riƙa tafiya kullum saboda hawan jini, za ta yi kwana uku, ta huɗu ta ce ga aiki ya yi yawa. Amma idan an ce ranar kaza matan garin gaba suna zuwa, kuma wancan karon sun ci mu, to ba mai tashe ta. Ita za ta je ta buga ƙofar wadda ta makara. Idan wata ba ta zo ba, kafin yamma an aika a ji ko lafiya. Haka gasar ta yi aikin da gargaɗi ya kasa yi: ta ba su rana tsayayya, da abokan tafiya, da abokan hamayya.

Amfanin ga jiki kuwa ba ɓoyayye ba ne. Idan naman jiki yana aiki, yana jan sukari daga cikin jini. Zuciya tana ƙara ƙarfi, hawan jini yakan sauka. Ƙafa mai ƙarfi ba ta yawan tuntuɓe, kuma kun san faɗuwa ɗaya takan kwantar da tsoho har ƙarshen ransa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba wa masu shekara 65 zuwa sama shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Matan da kansu sun sha gaya wa 'yan jarida cewa ciwon jiki ya ragu, barci ya daɗu, damuwa ta yi sauƙi. Sai dai in faɗa da babbar murya: ƙwallo ba ta maye gurbin magani. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ya ci gaba da sha, kuma mai ciwon ƙirji ko yawan haki ya fara ganin ma'aikacin lafiya tukuna.

A 2010 Afirka ta Kudu ta karɓi baƙuncin Gasar Cin Kofin Duniya, 'yan jarida suka cika ƙasar, labarin kakannin ya bazu. Waɗansu mata 'yan ƙwallo a jihar Massachusetts ta Amurka suka ga hotonsu, suka gayyace su. A watan Yuli na shekarar suka je suka buga a wata gasar manya da ake kira Veterans Cup. Ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓe su, Jean Duffy, ta rubuta littafi a kansu wanda ya fito a 2023. A 2019 kuma, lokacin Kofin Duniya na mata, sun je Faransa sun kara da tsofaffin matan can.

Na ga waɗansu iyayenmu maza suna murmushi, kamar a ce mu fa? Ba a bar ku a baya ba. A garin Chesterfield na Ingila, a 2011, an fara ƙwallon da aka hana gudu a cikinta, domin maza masu shekara 50 zuwa sama. Wanda ya ruga, alƙali ya hura masa usur.

Mu koma Limpopo. A watan Maris na 2023 Mama Beka ta shirya gasar kakanni ta ƙasa da ƙasa ta farko, kuma ba a kai ta babban birni ba. A filin wasan Nkowankowa aka yi. Ƙungiyoyi suka zo daga Amurka da Faransa da waɗansu ƙasashen Afirka. An sake yi a watan Afrilu na 2025, har da ƙungiyoyi daga Kenya da Togo. Wasannin gajeru ne, minti 30, a hankali ake bugawa. 'Yan kallo suka cika wurin.