Haɗa Fihirisa da Kwamfuta: Aikin Na'ura da Aikin Malami



Wanda duk ya taɓa neman sunan wani gari cikin rahoto mai shafi 400, ya san darajar fihirisa. Ƙumshiya tana gaba, tana nuna babi-babi. Ita kuwa fihirisa tana ƙarshen littafi, an jera batutuwa bisa tsarin abacada, kowane da lambar shafinsa. Malamanmu da ƙananan katuna suka yi wannan aiki, in maɗaba'a ta gusar da shafi ɗaya, sai a koma farko.

A manhajar Microsoft Word, wadda ta fara fitowa a 1983, mutum zai zaɓi kalma, ya danna Alt da Shift da X tare. Da ya tabbatar, za a dasa ɓoyayyar alama mai haruffa XE kusa da kalmar. In ana son ƙaramin batu ƙarƙashin babba, sai a raba su da ɗigo biyu, kamar "sarauta:naɗi". Bayan an gama, a umarci manhajar ta tattara alamomin. In shafuka suka canza, maɓallin F9 zai sabunta lambobin.

To, amma akwai wata gajeriyar hanya da nake ja wa ɗalibaina kunne a kanta, watau a ba na'ura jerin kalmomi ta bi rubutu tana sa alama da kanta. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Saboda haka "gari" na mazauna da "gari" na tuwo duk ɗaya ne a wurinta. Haka nan ba ta san "sarakuna" jam'in "sarki" ba ne, balle ta gane shafin da aka yi bayanin gado ba tare da an ambaci kalmar ba. Na taɓa duba kundin da aka jera wa "Hausa" lambobi layi shida. Wa zai bi su?

Sai kuma jerin haruffa. A Nijeriya muna rubuta 'y, a Nijar suna rubuta ƴ. Dole marubuci ya tsai da ɗaya tun farko, in ba haka ba "'ya'ya" za su rabu gida biyu. Ya kuma duba da idonsa ko ɓ ta biyo bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, kafin ya miƙa wa maɗaba'a.