Nijar a gaban taron duniya: abin da manomi ya kai

Jawabi don ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci



Kowa ya ga damina ta sake hali. Wata shekara ruwa ya makara, shuka ta ƙone. Wata shekara ya zo da yawa, ya rushe gidaje. A 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram.

Masana sun ce duniya ce take ƙara zafi. Dalili shi ne hayaƙin kwal da man fetur da gas. Yana taruwa a sama, yana riƙe zafin rana kamar bargo. Yawancinsa daga Sin da Amurka da Turai yake fitowa. Rabon Nijar a cikinsa kaɗan ne ƙwarai, amma wahalarsa tana faɗa mata da ƙarfi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa a lokacin farin 1973 Nijar ta haɗu da sauran ƙasashen Sahel a Wagadugu, suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari mai suna CILSS. A 1974 aka buɗe cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai, inda ake auna ruwan sama, ana horar da ma'aikata.

A 2015 ƙasashen duniya suka taru a Paris, suka yi alkawarin rage hayaƙi. Nijar ta amince da wannan yarjejeniya a 2016. A shekarar kuma, a Marrakesh ta Maroko, aka ba ta shugabancin hukumar yanayi ta ƙasashen Sahel 17.

A watan Disamba na 2021 Nijar da Ailan suka kai magana gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Suka ce canjin yanayi yana hura wutar rikici, domin in ruwa da makiyaya suka ragu, faɗa yana ƙaruwa. Ƙasashe 12 cikin 15 suka yarda. Indiya ta ƙi, Sin ta yi shiru. Rasha ta hau kujerar na-ƙi, maganar ta faɗi.

Kuɗi ma suna da nawa. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala miliyar 100 kowace shekara kafin 2020, don taimakon ƙasashe matalauta. Lokacin ya zo ya wuce, alkawari bai cika ba.

To, me Nijar take kaiwa waɗannan tarurruka? Aikin manomanta take kaiwa.

Wajen farin 1984 manoman Maraɗi suka kama sassabin zamani. In ana sharar gona, ba a sare duk tohon kututture a ƙone. Sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse saura. Da haka gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki, har Damagaram da Tawa. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Itace yana tare iska, ganyensa taki ne, kuma yana zuƙe wani kashi na hayaƙin nan. Daga nan dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka.

Wakilin da ya tafi taro da wannan shaida, maganarsa tana da nauyi. In aka sare itatuwan aka sayar, gona ta tsiraita, bakin wakili ma ya mutu.

Saboda haka, a sharar bana, kowa ya bar toho a gonarsa. Makiyayi ya sassabi reshe kaɗan, kada ya kashe uwar itace. Dashen ranar 3 ga Agusta kuma a yi masa shinge, a ba shi ruwa.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba da damina mai albarka.