Zaɓen Zoben Baiko na Lu'ulu'u

Al'adar bai wa budurwa zoben lu'ulu'u a lokacin baiko ta samu gindin zama ne a Amurka da Turai, musamman bayan gagarumin tallan da kamfanin De Beers ya yi a shekarun 1940, kuma daga can ta bazu zuwa manyan biranen duniya.

Abu na farko da mai saye ke dubawa shi ne yankan dutsen. Yankan da'ira, mai fuskoki 57 ko 58, ya fi kowane yanka ƙyalli, amma ya fi tsada saboda fiye da rabin ɗanyen dutsen kan salwanta wajen gyara shi, yayin da yankan murabba'i mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ke bayyana duk wani tabo da ke cikin dutsen. Sai kuma ɗauri, wato yadda ake kafa dutsen a jikin zoben. Salon da kamfanin Tiffany ya fito da shi a 1886 yana ɗaga dutse guda a kan ƙafafu shida domin haske ya ratsa shi, sai dai ƙafafun na kama mayafi, suna kuma lanƙwashewa. Ga macen da hannunta ba ya rabuwa da aiki, ɗaurin da ke kewaye dutsen da bakin zinari ya fi dacewa, ko da zai rage ƙyalli kaɗan.

Nauyin karat, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram, bai kamata ya ruɗi kowa ba. Mai saye ya nemi takardar shaidar ingancin dutsen kafin ya biya ko sisi.