Gado da Cutar Ƙin Cin Abinci



A shekarar 1873 ne wani likita ɗan Ingila, William Gull, ya raɗa wa wata cuta suna anoreksiya, watau cutar da ke sa mutum, galibi budurwa, ya ƙaurace wa abinci har ya koma ƙashi da fata, alhali kuwa ga abincin a gabansa. Shawarar da ya bayar ita ce a raba majiyyaciya da danginta, don a ganinsa ba su iya jiyyarta ba. Daga nan aka shafe kusan shekara ɗari ana ɗora laifin a kan tarbiyya, musamman a kan uwa. Wannan zargi ba ƙaramin nauyi ba ne, domin cutar tana cikin lalurorin ƙwaƙwalwa mafi kisa.

Tagwaye ne suka fara warware batun. Tagwayen ƙwai ɗaya ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, na ƙwai biyu kuwa kimanin rabi suka haɗa, amma dukansu uwa ɗaya ta raine su, tukunya ɗaya ta ciyar da su. In da tarbiyya ce kaɗai, da ba a ga bambanci tsakaninsu ba. An kuwa gani. Binciken da aka buga a 2006 kan tagwaye fiye da 31,000 na ƙasar Suwidin ya ƙiyasta rabon gado da kashi 56 cikin 100. Sai dai a lura, wannan adadi yana auna bambancin haɗari ne tsakanin jama'a. Ba ya nufin duk 'yar da uwarta ta kamu ita ma sai ta kamu.

A 2019 aka gwada ƙwayoyin gadon majiyyata 16,992 daga ƙasashe 17 da na masu lafiya 55,525, dukansu 'yan asalin Turai. Aka gano wurare 8 masu alaƙa da cutar. Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne, dangantakar ba ta tsaya ga waswasi da baƙin ciki ba, ta kai har ga yadda jiki ke sarrafa sukari da kitse. Ashe ke nan ciwon na jiki ne kamar yadda yake na zuciya.

Tun kafin wannan, a 1987, likitocin asibitin Maudsley a Landan sun nuna cewa yarinyar da ba ta daɗe da kamuwa ba ta fi samun sauƙi in an sa iyayenta cikin jiyyar. Yau a wannan tsari su ake danƙa wa aikin ciyar da ita a gida.