Abin da Muka Ji a Bakin Masu Zanga-zangar Eskadiri

Jawabin da wakilan ƙungiya suka karanta a babban taron shekara a Tondibiya. An buga shi domin 'yan'uwa na gida da na ci-rani.

 

Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, da 'yan'uwa 'yan bida da kuka taho daga nesa da kusa, muna gaishe ku, muna yi muku barka da zuwa. Waɗanda suka zo daga gida, ina mutanen gida, ina labarin damina? Allah ya saka wa kowa da alheri bisa wahalar hanya.

Kun san dalilin wannan jawabi. A ran 26 ga watan Yuli na shekara ta 2023 sojoji a ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani suka sauke shugaba Mohamed Bazoum daga mulki. Tun daga ran nan labarai suka yi ta kwarara zuwa gida ta waya, wani ya ce Yamai ta kama da wuta, wani ya ce yaƙi ya riga ya iso bakin iyaka. Hankalin iyaye ya tashi. Sai mai gari da liman suka aiko wa ƙungiya saƙo cewa mu je da ƙafafunmu wurin masu zanga-zanga mu tambaye su abu uku: su wane ne, me suke so, kuma ko ya kamata a bar yaranmu su shiga cikinsu. Muka je mu huɗu, maza uku da mace ɗaya. Laifin da muka yi shi ne, da muka dawo ba mu zauna mun haɗa magana ba, kowa ya buga waya gida ya ba da labari yadda ya yi masa daɗi. Daga nan gardama ta shiga ƙungiya, har waɗansu suka daina biyan kuɗin wata, waɗansu kuma suka daina zuwa taro. Shi ya sa muka ɗauko littafin da muka rubuta a ran nan, domin mu karanta muku abin da ke ciki gaba ɗaya, da mai daɗi da marar daɗi.

Bari mu tuna muku yadda al'amari yake a lokacin. Ran 30 ga Yuli shugabannin ƙasashen CEDEAO suka taru a Abuja suka sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, suka kuma ba sojoji mako guda su mai da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take aiko mana, wadda a kanta mafi yawan Yamai ta dogara. Ran 3 ga Agusta sabuwar gwamnati ta soke yarjejeniyar soja da Faransa, amma Faransa ta ce ba ta san da wannan gwamnati ba, sojojinta wajen 1,500 suka ci gaba da zama, da yawansu a sansanin da ke kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani. Ran 25 ga Agusta aka ba jakadan Faransa awa 48 ya bar ƙasa, shi ma ya ƙi. To, a kan haka ne ƙungiyoyin farar hula, cikinsu har da M62, suka kira zaman dirshan a shataletalen Eskadiri, a bakin hanyar sansanin.

Mun tashi daga nan Tondibiya ran Asabar 2 ga Satumba bayan sallar asuba. Kun san Tondibiya tana wannan ƙarshen gari ne ta bakin kogi, Eskadiri kuwa tana wancan ƙarshen ta hanyar Doso, watau sai mun ratsa Yamai duka. Tun ba mu iso ba mota ta kasa gaba, muka sauka muka ƙarasa da ƙafa. Jama'a dubbai ne, ba a ganin ƙarshensu. Tutocin Nijar sun fi yawa, akwai na Mali da na Burkina Faso, akwai kuma na Rasha. Mun ga akwatin gawa da aka lulluɓe da tutar Faransa ana yawo da shi. Sojojinmu da 'yan sanda sun tsaya tsakanin jama'a da ƙofar sansanin. Masu ganguna na gefe guda, masu addu'a na gefe guda, masu sayar da ruwa da shayi suna ta ciniki.

Tambayar mutum a cikin irin wannan taro tana da wuya. In ka tsai da shi a tsakiyar ihu, abin da ake ihu da shi kawai zai maimaita maka. Saboda haka muka riƙa jan mutum gefe zuwa inuwa, mu gaisa, mu gaya masa garinmu da wanda ya aiko mu, mu ce ba mu neman sunansa. Mai jin Zabarmanci a cikinmu ya riƙa yi mana tafinta, 'yar'uwarmu kuma ita ce ta shiga cikin mata. Tambayar da ta fi buɗe bakin mutane ita ce: me ya fito da kai daga gida yau, kai da kanka?

Wani ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni ya yi mana magana a kan uraniyom. Ya ce tun 1971 ake haƙar shi a Arlit ana kai wa Faransa tana haska garuruwanta, alhali ƙauyensu bai taɓa ganin wutar lantarki ba, babban birnin ƙasa ma sai Nijeriya ta ga dama, domin madatsar ruwa ta Kandaji da aka daɗe ana alkawari ba a gama ta ba. Ya kuma tuna mana cewa ɗalibai ne suka fara hawa gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu 1990, aka harbe uku, kuma daga nan aka kai ga babban taron ƙasa na 1991.

Wata uwa, wadda 'yar'uwarmu ta zauna da ita a kan tabarma, ba ta ambaci uraniyom ba ko sau ɗaya. Ɗanta soja ne, nan barikin Tondibiya aka horar da shi, aka tura shi wajen iyakar Mali. Ta ce ba ta manta da Inates ba, inda aka kashe sojoji 71 a Disamba 2019, ko Shinagodar, inda aka kashe 89 a Janairu 2020. Tambayarta ita ce, baƙi suna nan da jirage da na'urorin da ke gani daga sama, yaya aka yi mahara bisa babura suka iso ba a gan su ba? Ta ce in ba su tsare mata ɗa ba, su koma gida. Wannan magana mun ji ta a bakin mutane da yawa, har da 'yan gudun hijira daga yankin Tilaberi.

Wani dattijo mai sanda ya ce shi wannan ne karo na biyu da yake ganin haka, domin a 1974, bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki daga Diori Hamani, ya sallami sojojin Faransa, ga su kuma sun dawo. Da muka tambaye shi ko yana murna, sai ya ce yana murna amma da ido ɗaya a buɗe, gama ya ga juyin mulki na 1974, da na 1996, da na 1999, da na 2010, kuma kowanne da tafi aka tarbe shi.

Wani ɗan kabu-kabu ya ce shi tun Agusta 2022 ransa ya ɓaci, sa'ad da aka ɗaga kuɗin gazuwal daga sefa 538 zuwa 668, kaya suka bi suka yi tsada. Wani ɗan kasuwa kuwa, wanda kayansa suka maƙale a Malanbil bayan rufe gadar Gaya, ya ce CEDEAO ce ta fito da shi. Da ma ba ya goyon juyin mulki, amma ranar da aka yanke wuta aka hana magani shigowa, ya gane talaka ake horo, sai ya ɗauki tuta. Mun kuma sami yara samari da suka ce gaskiya abokai suka biyo, wani ma yana riƙe da tutar Rasha bai san sunan babban birninta ba.

Akwai tambayar da iyayenmu suka matsa mu yi, watau ko biyan mutane ake yi. Mun yi ta, kuma kusan duk wanda muka yi wa ya ji haushi. Abin da idonmu ya gani shi ne tukwanen shinkafa da ruwan leda da masu hali suke aikowa ana rabawa. Wanda ya ce duk taron nan haya aka yi, bai yi wa mutanen da muka zanta da su adalci ba.

Amma akwai shafi na ƙarshe a littafin, wanda waɗansunmu suka ɓoye a lokacin. A hanyar dawowa mun zanta da mutanen da ba su je ba. Direban taksin da ya ɗauko mu ya sassauta murya ya ce shi Bazoum ya zaɓa a 2021, kuma bai ga dalilin da za a tsare mutum da matarsa da ɗansa ba tare da shari'a ba. Wata mai tuyar ƙosai ta ce kowa ya tafi, kowa ya zo, ita dai kuɗin mai da wake take duba. Wani mushe ya ce in aka saba rufe bakin wanda ba a so, gobe za a rufe na wanda ake so. Dukansu sun roƙe mu kada mu faɗi inda muka gan su. Saboda haka wanda ya ce duk Yamai baki ɗaya ce a ran nan, shi ma bai faɗi gaskiya duka ba. Mai zanga-zanga yana magana da ƙarfi domin yana cikin jama'a, wanda ya zauna gida kuwa sai ka bi shi ka ji nasa.

To, me ya biyo baya? Abin da masu zaman dirshan suka nema sun samu. Ran 24 ga Satumba 2023 shugaban Faransa Makaron ya ba da sanarwar janye jakada da sojoji, kuma na ƙarshensu sun tashi ran 22 ga Disamba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES ran 16 ga Satumba 2023, suka ba da sanarwar fita CEDEAO a Janairu 2024. An ɗage takunkumi ran 24 ga Fabrairu 2024. Sojojin Amurka ma sun bar Yamai da Agadas a 2024. A Maris 2025 aka rantsar da Janar Tiani shugaban ƙasa na shekara biyar, aka rushe jam'iyyun siyasa, aka kuma mai da Hausa harshen ƙasa. A Yuni 2025 gwamnati ta karɓe kamfanin uraniyom na Somair. Ɗalibin nan yana da abin da zai nuna. Amma kukan uwar sojan nan bai ƙare da tashin baƙi ba. A farkon Oktoba 2023 an kashe sojoji 29 a wajen Tabatol, a jihar Tawa, kuma ran 21 ga Maris 2025 an kashe masallata 44 a Fambita, a jihar Tilaberi, cikin azumi. Maganar mushen nan ma ba ta faɗi ƙasa ba: an dakatar da RFI tun Agusta 2023, an kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024, rediyon da iyayenmu suka saba ji da safe.

Ga amsarmu ga tambayoyin mai gari, ko da ta makara. Su wane ne? 'Yan'uwanmu ne, talakawa da masu ilimi, maza da mata. Me suke so? Bakinsu ya haɗu a kan abu ɗaya, tafiyar sojan Faransa, amma abin da ya fito da kowa daga gida daban ne: wani tsaro, wani tsada, wani mutunci. Ko a bar yara su je? Ƙungiya ba ta da ikon hana baligi, ba ta kuma da ikon tura shi.

Saboda haka muna kawo shawara uku gaban taro. Na farko, duk wanda ƙungiya ta aika neman labari, ya dawo ya karanta shi gaban kwamiti kafin a buga waya gida, kuma ya rarrabe abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Na biyu, yaron da aka ba mu amana, in zai je wani taro ya gaya wa mai masaukinsa, kuma wanda bai kai shekara 18 ba kada ya je. Na uku, kada a sake kawo gardamar siyasa a kan asusu. Asusun nan shi ne ya kai gawar ɗan'uwanmu gida, shi ne ya sayi hatsi a shekarar da damina ta ƙi, kuma bai taɓa tambayar kowa wa ya zaɓa ba. Waɗanda suka janye, muna roƙonsu su dawo, ma'aji ya yarda a biya bashin wata-wata a hankali.

Mu huɗun da aka aika muna neman gafarar iyayenmu bisa rabin labarin da muka kai musu. Littafin yana hannun magatakarda, duk mai so ya zo a karanta masa.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, soja da farar hula. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.