Ciwon Afendis: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Kamar yadda kuka sani, ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Abin da ya sami ƙanwata bara shi ya sa na roƙi a ba ni waɗannan 'yan mintoci. Ciwo ya fara mata a cibiya, ga amai, ga ƙin abinci. Muka ce ciwon mara ne irin na mata, aka jiƙa mata kanwa. Sai a kwana na uku, da ciwon ya tare a ƙasan ciki ta dama, zazzaɓi ya rufe ta, muka kai ta asibiti. Ashe afendis ne, har ya fashe. Allah ya tashi kafaɗunta, amma sai da ta yi mako uku a kwance.

Daga nan na shiga karatu a kan ciwon. Kun tuna yadda muke ɗora laifi kan tsakuwar waken ɗakin cin abinci? Galibi ba ita ba ce. Busasshen bayan gida ko kumburi ke toshe bakin ɗan hanjin. Likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya rubuta a 1971 cewa ciwon bai cika kama mutanen karkarar Afirka ba, ya danganta haka da abinci mai dusa. A Turai da Amurka ciwon ya ragu tun tsakiyar ƙarni na 20, a biranenmu kuwa fiɗar afendis ta zama ruwan dare.

Wani binciken Amurka na 1990 ya nuna kashi 8.6 cikin 100 na maza kan kamu a tsawon rayuwa, mata kashi 6.7. Amma mata sun fi shan wuƙa, domin ciwon ƙwan mace da cikin da ya zauna a wajen mahaifa kan yi kama da shi. Mu kuwa a gida akasin haka muke yi: a ce na mata ne, a zauna.

Ciwon ya fi kama 'yan shekara 10 zuwa 30, wato ƙannenmu da ke ɗakunan kwana yanzu. Saboda haka ina roƙon kwamiti ya ware wani abu daga gudummawar bana don motar kai ɗalibi asibiti da dare, ba sai an jira gari ya waye ba.